Mota a Hanya, Tukunya a Gida: Nazari kan Ƙananan Masu Manyan Motoci a Arewacin Nijeriya

Gabatarwa

Hatsi da tumatir da albasa da shanun da Arewa ke turawa Kudu, da kayan da ke hawowa daga tashoshin jiragen ruwan Legas, galibinsu a bayan mota suke tafiya. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, shi ya yi ta kwashe gyaɗa shekara da shekaru, amma da harkarsa ta durƙushe sai nauyin ya koma kan kwalta. Wasu motocin na manyan kamfanoni ne masu ɗaruruwa. Sauran na mutanen da ke da mota ɗaya zuwa biyar ne: tsohon direban da ya yi tari ya sayi tasa, ɗan kasuwar Dawanau da ya gaji da biyan kuɗin mota, ma'aikacin da ya zuba kuɗin sallamarsa a tsohuwar DAF. Waɗannan su wannan nazari ya shafa.

In ana maganar matsalolinsu, akan ambaci tsadar man dizal da lalacewar hanya da yawan shingaye, a tsaya nan. Duk gaskiya ne, sai dai an bar tambaya ɗaya ba amsa: in har asarar ta kai yadda ake faɗa, me ya hana motocin tsayawa, wa ke cike giɓin? Abin da nazarin nan ke son nunawa shi ne, asarar gangarowa take yi. Mai kaya ya tura wa mai mota, mai mota ya raba da direba, a ƙarshe ta sauka a kan iyalan da ba su sa hannu a cinikin ba.

Sana'ar da aka gina kan amana

Dakon kaya zuwa nesa ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Paul Lovejoy ya nuna, a littafinsa na 1980 kan fataucin goro, yadda ayarin Gwanja ke tafiya ƙarƙashin madugu, shi ke sasanta kuɗin fito da sarakunan hanya a madadin kowa. Abner Cohen kuma, a bincikensa na unguwar Sabo ta Ibadan da ya fito a 1969, ya bayyana yadda cinikin shanu da goro ya dogara kan maigida mai masauki, wanda ke tsaya wa baƙo a kan bashi ba tare da takarda ba.

Tirela ta gaji wannan tsari ta wani ɓangare, ta rasa wani. Amanar tana nan: har gobe ana loda kayan miliyoyin naira da magana ta baki da shaidar ɗan kamasho. Abin da ya ɓace shi ne ayarin. Da, in haɗari ya faɗo, kan jama'a yake faɗowa, madugu kuma ya yi magana da yawun kowa. Yanzu kowace mota ita kaɗai take fuskantar shinge da rami da ɗan fashi. Akwai ƙungiyoyi, NARTO ta masu motoci da NURTW ta ma'aikatan sufuri, suna kuma da tasiri a tasha da gaban hukuma, amma ba su ne ke biyan kuɗin inji ba ranar da ya buga a dajin Mokwa.

Fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake bi a nan, ya san wannan matsala tun da daɗewa. Malamansa sun ɗauki mai dako a matsayin amintacce, ba ya biyan abin da ya salwanta ba da sakacinsa ba, amma suka keɓe kayan abinci: a nan zai biya, sai in ya kawo shaida ko mai kayan na tare da shi. Abin da ake yi a kasuwa ya ma zarce haka tsanani. In an sauke aka ga buhu biyar babu, ko ruwa ya taɓa siminti, daga cikon kuɗin mota ake cirewa, ba a tsaya neman shaida ba.

Lissafin tafiya ɗaya

Daga Kano zuwa Legas kimanin kilomita 1,000 ne. Tsohuwar tirela mai cikakken lodi, a irin hanyoyinmu, tana iya shan lita 800 zuwa 1,000 na dizal a zuwa da dawowa. A watan Janairun 2022 matsakaicin farashin lita bai kai naira 300 ba. Kafin shekarar ta ƙare ya kai wajen 800, bayan yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashin mai a duniya, a ƙarshen 2023 kuma ya haura 1,000. Wato man da ake sha da ƙasa da naira 300,000 ya koma na miliyan guda cikin shekara biyu. Dizal dama ba ya cikin tallafin da aka cire a Mayun 2023, don haka masu manyan motoci sun riga kowa ɗanɗana wannan zafi.

Bugu na biyu daga canji ya zo. Da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Kusan duk abin da ke jikin mota daga waje yake zuwa. Tirela na tafiya kan taya 18 ko 22, kowace kuma da dala aka shigo da ita, haka batir da fanfon mai da giya, ko sabo ne ko na Beljiyam da ake samu a Ƙofar Ruwa ta Kano, Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas. Rancen banki kuwa ba mafita ba ne, domin Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024, ga kuma da yawa daga cikin masu motocin da ke ƙin bashi mai ruwa saboda addini.

Kuɗin mota ya tashi, amma a baya yake biyowa. Dalili shi ne mai mota ɗaya ba shi da bakin ciniki. In ya ce bai sallama ba, akwai wani a bayansa a layi da motarsa ta yi kwana goma ba lodi. Ko masu tankokin mai, da suka fi kowa haɗin kai, sai da NARTO ta dakatar da dako a Fabrairun 2024 kafin a zauna da su kan ƙarin kuɗi. Mai dakon masara ba shi da irin wannan makami.

Akwai kuma kashin da ba ya fitowa a lissafin tafiya: tsufan motar kanta. Mai mota yakan cire mai da kuɗin hanya da kamasho da haƙƙin direba, abin da ya rage ya kira shi riba. Alhali a cikin ragowar akwai rabon taya da ke cinyewa da injin da ke matsowa kusa da ranar saukewa. Sai ranar ta zo a ga babu abin da aka ajiye.

Kwanakin tsayuwa

Ribar mota ba a nisan tafiya take ba, a yawan juyi take. Akwai kuɗin da ke fita ko mota ta motsa ko ba ta motsa ba: albashi, abincin direba da yaron mota, takardu, kason da ake biyan wanda ya ba da motar bashi. Motar da ta yi sawu uku a wata ta raba wannan nauyi uku. Wadda ta yi biyu, kowane sawu ya ɗauki rabi, kuma sau da yawa wannan bambancin shi ne ribar gaba ɗaya. Saboda haka abin da ya fi cin mai mota shi ne jira, kuma jiran iri-iri ne.

Akwai na tashar jirgin ruwa. Cunkoson Apapa ya kai lokacin da mota kan yi makonni a layi kafin ta shiga, har hukumar tashoshin ta ƙaddamar da tsarin kira ta intanet mai suna Eto a Fabrairun 2021. Akwai na hanya: da gadar Tatabu ta karye tsakanin Mokwa da Jebba a Yunin 2017, babbar hanyar da ta haɗa Arewa maso Yamma da Legas ta yanke. Aikin titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano ya ɗauki shekaru ana karkatar da motoci hannu ɗaya. Akwai na tsoro: hanyar Birnin Gwari ta sa direbobi jiran rakiya ko zagaye mai nisa, zaman gida na ranar Litinin da aka fara a Kudu maso Gabas a Agustan 2021 kuma ya cire kwana guda daga makon mai zuwa Onica ko Aba. Akwai na siyasa: rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda Nijeriya ba ta ɗage ba sai Maris na 2024. Motoci sun yi ta jibgewa a Jibiya da Illela da Maigatari, masu su na Maraɗi da Ƙonni da Katsina suna ƙirga kwanaki iri ɗaya.

A duk waɗannan, ba safai ake biyan ƙaramin mai mota kuɗin kwana ba. Kamfanin jiragen ruwa yana cajin kwantenar da ta makara, amma motar da ta kwana bakwai a ƙofar sito tana jiran a sauke ta, haƙuri ake ba ta. Ko an sauke, wasu kamfanonin sai takardar shaidar isar kaya ta koma ofis, a yi makonni, kafin cikon kuɗi ya fito. Mai mota ɗaya ya zama shi ke ba babban kamfani bashi.

Shinge da lodi

Dokar haraji ta 1998, wadda ta jera abin da kowane matakin gwamnati zai karɓa, ta hana kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji. Duk wanda ya bi motar shanu daga Potiskum ko Wudil zuwa Kudu ya san inda dokar ta tsaya. Ga rasit na jiha, ga na ƙaramar hukuma, ga na amfanin gona, ga na dabbobi, ga masu sanda da ƙusa da ba su da rasit ko kaɗan. Yawan harajin hanya na cikin koke-koken ƙungiyar dillalan abinci da shanu lokacin da ta dakatar da kai kaya Kudu a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan. Cikin 'yan kwanaki tumatir ya yi tsada a Legas, ya faɗi warwas a Arewa.

Abin lura a nan shi ne, mai shinge lokaci yake sayarwa. Ya san tumatirin da ke kan hanyar kasuwar Mile 12 ta Legas ba ya jure rana, ya san saniya na iya faɗuwa a cikin mota. Direban da ke da gaskiya, takardunsa cikakku, in ya tsaya jayayya awa uku ya yi asarar da ta fi abin da aka nema. Don haka yake biya. Ba rashin sanin haƙƙi ba ne, lissafi ne.

Irin wannan lissafin ne ke kai ga lodin da ya wuce kima. Tan 30 shi ne buhu 600 na siminti ko taki, amma in kuɗin bai fitar da mai ba, sai a ƙara. Injiniyoyin hanya sun tabbatar, tun gwajin da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950, cewa ɓarnar da nauyi ke yi wa kwalta ba daidai da ƙarin nauyin take ƙaruwa ba: in aka ninka nauyin da ke kan gatari sau biyu, ɓarnar kan kai wajen ninki 16. Ƙarin buhunan da suka ceci tafiyar yau su ke haƙa ramin da zai karya sifirin a tafiyar baɗi. Kowane mai mota ya san haka, amma wanda ya rage lodi shi kaɗai, shi zai fita daga kasuwa.

Tsakanin mai mota da direba

Mai mota yana gida, dukiyarsa tana nisan kwana uku a hannun wani. Daga nan zargi ke tsirowa. Direba ya kira ya ce, "Alhaji, taya biyu sun tashi a Tegina, a turo kuɗi." Alhaji ba shi da hanyar gani da idonsa. Ya ji labarin masu sayar da mai a hanya da masu ɗaukar kayan gefe, don haka yake tsuke kuɗin hanya. Direba kuma, da ya san albashinsa ba ya kai wata, kuɗin hanyar ma ba ya isa shingayen da ke gabansa, sai ya nemi cikon da kansa, ya ɗora fasinja a kan kaya ko ya rage wani abu. Kowane ɓangare yana kare kansa daga abin da yake tsoro, kariyar kuma ita ke tabbatar wa ɗayan zarginsa.

Wannan ya sa ake ba ɗan'uwa mota, ƙane ko ɗan 'ya ko suruki. Amana takan ƙaru, amma an sayo wata matsalar: ba a iya korar ɗan'uwa ba tare da an taɓa zumunci ba. In lissafi ya ƙi fita, maganar ba ta tsayawa a gareji, sai ta kai ɗakin Hajiya.

Inda asarar ke sauka

Mota ɗaya aƙalla gida uku take ɗauke da su: na mai ita, na direba, da na yaron mota ko iyayensa. Kuɗinta a dunƙule yake zuwa, ba ranar da aka sani. Buƙatun gida kuwa ba sa jira: cefane kullum, kuɗin makaranta kowane zango, haya kowace shekara, ciwo ba sallama. Amsar da matan waɗannan gidaje suka fi ji ita ce, "A yi haƙuri sai mota ta dawo."

Kafin ta dawo, wani ne ke riƙe gidan. Polly Hill ta rubuta a 1969 kan cinikin da matan Hausawa ke yi daga cikin gida, wanda ba ya shiga lissafin kowa, Enid Schildkrout kuma ta bi sawun wannan a birnin Kano a shekarun 1970. Wannan ciniki, na ƙuli-ƙuli da ɗinki da kayan miya da zubin adashi, shi ke toshe kwanakin da mota ke tsaye. In matsalar ta girma, inji ya buga ko mota ta faɗi, abin da ake fara waiwaya shi ne abin da za a iya sayarwa yau: kwasan adashin uwargida, ɗan kunnenta na gwal, tumakin da take kiwo, wani lokaci filin da ta gada. Inshorar da doka ta tilasta, wadda kuɗinta ga manyan motoci ya koma naira 100,000 a Janairun 2023, ta ɓarnar da aka yi wa wani ce, ba ta gyara motar mai ita. Cikakkiyar inshora kuwa kaɗan ne ke yin ta. A aikace gidan ne inshorar.

A shari'a dukiyar mace tata ce, ciyarwa kuma a kan miji take. Abin da ta bayar don a tayar da mota bashi ne ko jari, sai in ta ce kyauta ta yi. Amma ba a cika rubutawa ba, ba a kuma cika sa ta a lissafin riba ba. Ranar da mai motar ya rasu aka zo rabon gado, motar ba ta rabuwa, sai a yi mata kuɗi a sayar, gwal ɗin da ya shiga injinta kuma babu mai shaidarsa.

Dole a faɗi ɗaya gefen. Gida ma yana cin mota. Mutumin da aka ce yana da tirela, dangi da maƙwabta mai kuɗi suke ɗaukarsa, ko da rabin motar bashi ne. Biki da suna da gudummawa da ƙarin aure duk daga kuɗin sawu suke fita, tunda aljihun ɗaya ne. Masu motoci da yawa sun karye ta nan, ba ta hanyar Legas ba. Bambancin shi ne, abin da gida ya ci ana gani ana kuma faɗa, abin da ya bayar shiru ake yi da shi.

Bayan kuɗi akwai zaman kansa. Direba na iya yin makonni bai kwana gida ba, tarbiyyar yara da jinyar tsofaffi da sulhun maƙwabta duk su koma kan matarsa. In ya dawo, a gajiye yake, da ciwon baya da rashin barcin da ya tara, kwana biyu kuma an kira shi lodi. Mai mota yana gida, amma wayarsa ba ta mutuwa. Kiran ƙarfe biyun dare ba ya zuwa da alheri, kuma duk gidan sun san haka, har yara kan gane daga fuskar Baba ko mota lafiya take. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya nuna yadda igiyar take a ɗaure: direba na hanya yana neman tsabar kuɗin da zai wuce shinge, matarsa na layin mai POS tana neman na cefane, dukansu daga aljihu guda.

Kammalawa

In wannan bayani ya tabbata, abubuwa uku ke biyo baya. Na farko, duk gyaran da hukuma za ta yi, da kwana ya kamata a auna shi. Tashoshin tudu na Kaduna da Dala da Funtuwa, da aiwatar da dokar hana shinge, da sa kuɗin kwana a yarjejeniyar dako, amfaninsu shi ne sawu nawa suka ƙara wa mota a wata. Na biyu, abin da aka rasa na ayari ana iya maido da shi ta asusun haɗin gwiwa, inda masu mota ɗaya-ɗaya za su riƙa zubi don ranar karyewa, su sayi taya da mai a dunƙule. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, tsarin takaful kuma, wato inshorar Musulunci, ya kawar da uzurin addini. Na uku yana hannun mai motar: ya raba aljihun mota da na gida, ya yanka wa gida abin da zai riƙa samu kowane wata, ya ware rabon gyara daga kowane sawu, in kuma ya karɓi dukiyar matarsa ya rubuta, da shaidu.

Batun ya wuce gidajen masu motoci. Kuɗin dakon da ake biya yau bai kai ainihin abin da dakon ke ci ba, ragowar iyalai ne ke biya. Wannan tallafi yana da iyaka, domin gwal da tumaki suna ƙarewa. A daidai lokacin kuma manya na ƙara ƙarfi: a 2025 matatar Dangote ta sanar da shirin rarraba mai da motoci 4,000 masu aiki da iskar gas, jarin da ƙaramin mai mota ba zai iya tunkara ba. In ƙananan suka ci gaba da ficewa ɗaya bayan ɗaya, dako zai rage a hannun kamfanoni ƙalilan da ke lissafa kowane kwana da kowace taya, su kuma sa a farashi. A ranar ne mai sayen tumatir a Legas da mai sayen siminti a Kano za su fara biyan kuɗin da matan direbobi da na masu motoci suka daɗe suna biya a madadinsu.